Tafiya Mongoliya ta ƙasa don zama da makiyaya: tambayoyin da ake yawan yi

Duk wanda ya fara shirin wannan tafiyar tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na wanda ya riga shi, musamman in Musulmi ne daga yankinmu. To ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi.

Wai ina ne ma Mongoliyar, kuma me ake zuwa gani?

Ƙasa ce da ke matse tsakanin Rasha ta arewa da Sin ta kudu, ba ta da teku ko kaɗan. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.5, ta fi Najeriya girma nesa ba kusa ba, ta ma fi Nijar, amma mutanenta duka-duka miliyan uku da rabi ne, kuma kusan rabinsu suna cunkushe a babban birni Ulanbatar. Dabbobi kuwa sun haura miliyan 50, wasu shekarun har su taɓa 70.

Abin da ake zuwa gani shi ne wannan filin da mutanen da ke rayuwa a cikinsa da dabbobi iri biyar: dawaki, shanu (har da yak mai dogon gashi), raƙuma masu tozo biyu, tumaki da awaki. In gine-gine da kantuna kake so gaskiya ka canza ƙasa kawai.

Da aka ce "ta ƙasa", wato daga Kano ko Zinder mota zan hau har can?

A'a mana. Yawanci jirgi ake bi zuwa ɗaya daga maƙwabtan biyu sannan a tsallaka iyaka ta ƙasa, ko kuma a sauka Ulanbatar kai tsaye, misali ta Istanbul da Turkish Airlines, daga nan sauran tafiyar duk a mota ne da doki.

Mai son tsallaka iyaka da kansa yana da manyan ƙofofi uku. Ta Sin akwai Erenhot zuwa Zamin-Uud, nan layin dogo ya ratsa, kuma faɗin layin Sin (milimita 1,435) ba ɗaya ba ne da na Mongoliya (1,520 irin na Rasha), shi ya sa jirgin da zai zarce sai an ɗaga taragunsa an canza musu ƙafafu, aikin awanni ne cikin dare. Ba a yarda ka taka iyakar nan da ƙafa ba, dole ka shiga mota ko bas ko da kuwa tazarar ba ta da yawa. Ta Rasha akwai Kiyakta zuwa Altanbulag ga wanda ya fito daga Ulan-Ude, sai ta can yamma cikin duwatsun Altai, Tashanta zuwa Saganur, wadda ke faɗowa da kai yankin Kazakawa Musulmi (duba tambayar nama). Jadawalin jiragen ƙasa da ranakun buɗe iyaka suna canzawa, lokacin bukukuwa ma rufewa ake yi, don haka a tabbatar kafin a sayi tikiti.

Biza fa?

Mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar sai da biza, kuma kar ka manta ta Mongoliya daban, ta Sin ko Rasha daban in ta can za ka bi. Ofishin jakadancin Mongoliya da aka sani a Afirka yana Alkahira. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka fara samun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Ulanbatar ya ba ka takardar gayyata da tsarin tafiya, su ne kuma za su nema maka izinin shiga yankunan bakin iyaka kamar Tawan Bogd, don can ba a zuwa haka kawai, sojoji na duba takarda.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Yuli da Agusta ne damina, ciyawa ta yi kore, nono ya wadata, amma koguna na cika su tare hanya. Satumba babu cunkoson baƙi sai dai dare ya fara cizo. Ko a Yuli ka tafi da rigar sanyi mai kauri, don ƙasar tudu ce, rana ta gasa ka da azahar da asuba kuma ka ji haƙoranka na haɗuwa.

Hunturu kam ba na ɗan koyo ba ne. Ulanbatar ce babban birnin da ya fi kowanne sanyi a duniya, a Janairu awo na sauka ƙasa da sifiri da 30, wani daren har 40. Maris da Afrilu kuma iska ce da ƙura, dabbobi sun rame, makiyayi na fama da haihuwar tumaki dare da rana, ba lokacin da zai ji daɗin baƙo ba ne.

Kwana nawa ya isa, kuma wace mota ake shiga?

Nan ne mutane suka fi cutar kansu. Mutum zai buɗe taswira ya ce zai ga hamadar Gobi da tafkin Hobsgol da Altai duk a kwana goma, to wallahi ƙarshenta abin da zai gani shi ne ƙeyar direba. Akwai kwalta daga Ulanbatar zuwa manyan garuruwan larduna, kamar Harhorin (kusan kilomita 360) da Dalanzadgad ta Gobi (sama da 500), amma da zarar an sauka daga kwalta sai ka ga sawun taya goma sun bazu a fili kowanne ya nufi inda ya ga dama, babu allo babu alama, direba na duba tsauni ne da rijiya yana gane hanya, in ya rikice ya tsaya a tantin farko ya tambaya, kuma a irin wannan hanyar kilomita 200 na iya cinye yini guda cur. Ulgi da ke can yamma ta haura kilomita 1,600.

Shawarata, ka zaɓi yanki ɗaya ko biyu a sati biyu, ka kwana uku ko huɗu a gida ɗaya. Ranar farko baƙo ne kai, ana ta ba ka shayi ana kallonka. Sai a rana ta uku ne za a miƙo maka bokiti a ce je ka ɗebo ruwa, ko a ce riƙe ɗan dukushin nan a tatsi uwarsa, to daga nan ne za ka fara ganin abin da ka biya kuɗin jirgi dominsa.

Mota kuma, ko tsohuwar UAZ ta Rasha da suke kira furgon, mai girgiza hanji amma duk ƙauye akwai mai iya gyaranta, ko Land Cruiser mai tsada da daɗin zama. Ɗauki da direba. Tuƙa kanka ba tare da sanin mashigar kogi ba kasada ce. Mai ƙaramin aljihu zai iya hawa bas daga tashar Dragon ta Ulanbatar zuwa garin lardi, can ya nemi mota. Sayi layin Mobicom ko Unitel tun a birni, netwok na nan kusa da garuruwa, a daji kuwa sai an hau tudu.

Kamar Fulaninmu na daji suke kenan?

Akwai kama sosai: dukiya dabba ce, ana bin ciyawa da ruwa, mace ce mai nono da sarrafa shi, gaisuwa ma sai an tambayi lafiyar garke da ko sun yi ƙiba. Amma bambancin ya fi yawa. Makiyayin Mongoliya ba sanda yake bi da ƙafa ba, a kan doki yake ko babur, da doguwar gora mai zarge a baki ta kama doki. Ba ya yin doguwar tafiya ta ratsa ƙasashe, yawanci sau huɗu ko fiye yake tashi a shekara cikin yankin da iyayensa suka saba, da mazaunin hunturu a gindin tsauni inda iska ba ta bugu, da na rani kusa da kogi. Sannan noma ɗan kaɗan ne a ƙasar, kuma tsarin mulkin 1992 ya hana a mallaka wa mutum filin kiwo, don haka rikicin manomi da makiyayi ba shi ne ciwon kansu ba. Nasu abokin gabar sanyi ne (duba tambayar ƙarshe) da kamfanonin haƙar ma'adinai da ke cin fili da ruwa.

Kuma kar ka zaci mutanen da zamani bai kai gare su ba ne. Za ka ga sola a jikin tanti, da dish, da talabijin, matar gida na sayar da cuku a Facebook, yara kuma na makarantar kwana a garin gunduma.

In na isa tantin, yaya zan yi kar in yi abin kunya?

Ger suke kiransa. Zagayayye ne, da katako mai naɗewa aka yi bangonsa aka lulluɓe da gashin tumaki da aka daddanne ya yi kauri, iyali na iya warware shi su sake kafawa cikin awa ɗaya zuwa biyu. Ƙofa kullum kudu take kallo. Ba a ƙwanƙwasawa, daga nesa ake ɗaga murya a ce "nohoi hor", wato a riƙe kare, kuma da gaske ake faɗa don karnukan ba sa wasa, kar ka fito daga mota sai mai gida ya leƙo.

Wajen shiga ka sunkuya, ka tsallake dokin ƙofa kar ka taka shi, ka bi ta hagu, nan ne ɓangaren baƙi, dama na matar gida ne da tukwanenta. Can ƙurya ta arewa wurin girma ne, da hotunan iyali da kayan ibadarsu, ba a zama can sai an ce ka zauna, ba a kuma miƙe ƙafa wajen. Ginshiƙai biyun tsakiya kar ka jingina da su, kar ka miƙa abu ta tsakaninsu. Murhu na tsakiya, da busasshen kashin shanu ake hura shi, kuma wuta abin girmamawa ce gare su, ba a jefa mata shara. Matar gida za ta miƙo maka shayin madara mai gishiri, e gishiri ba suga ba, ka karɓa da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannun, hannun riga a sauke, ka kurɓa kafin ka ajiye. Sai faranti na busasshen cuku da suke kira arul, mai tauri kamar dutse, tsotsa ake yi, wanda ya gartsa da ƙarfi shi da haƙorinsa. Dattijo na iya miƙo 'yar kwalbar tabar shaƙa, ba dole ka shaƙa ba, sunsuna murfin ka mayar da hannun dama ya wadatar.

In aka ba ka doki, ta hagu ake hawa. Gajeru ne amma ƙarfi gare su, sirdin gargajiya kuma na katako ne, ka roƙi mai laushi.

Naman nasu ya halatta gare ni?

Wannan ita ce babbar tambaya, amsar kuma a gidan Mongol na gargajiya a'a ce. Ba sa yankan wuya. Kwantar da tunkiya ake yi rigingine, a ɗan tsaga ƙasan ƙirji, a zura hannu a tsinke babbar jijiyar jini, jinin ya taru a ciki don ba sa son ya zuba ƙasa. Yawancinsu kuma mabiya Buda ne ko marasa addini. To buz da hushur, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki, da horhog, wannan naman da ake dafawa da duwatsu masu zafi, duk sai dai ka ji ƙamshi.

Mafita uku ce. Ka sayi tunkiya da ranta ka yanka da kanka, ɗan jagora ya yi wa mai gida bayani tun da wuri, a yi nesa da tanti a tara jinin a roba, kowa ya ci. Ko ka tsaya ga farin abinci, dama da rani nono da kindirmo da cuku da man shanu su ne abincinsu, ka haɗa da guzurinka: shinkafa, taliya, sardin, garin kwaki, da yaji, don Allah kar ka manta yaji, girkinsu gishiri ne da albasa shikenan. Ko kuma ka nufi lardin Bayan-Ulgi inda Kazakawa suka fi yawa, Musulmi ne, makiyaya ne su ma, akwai masallatai, yanka irin namu. Sai dai suna cin naman doki kuma abin karrama baƙo ne a wurinsu, mu da muka tashi a Malikiyya mun san mashahurin zance hani ne, don haka ka tambaya kafin ka sa hannu. A Ulanbatar akwai gidajen abincin Turkawa da na Kazakawa masu halal.

Wani abu kuma, in aka kawo naman tarbaga, wata dabbar rami mai kama da ƙatuwar gafiya, ka nisance shi, ana kamuwa da annobar ɗa'un ta jikinta kuma ana mutuwa.

An ce dole sai na sha nonon goɗiya, in na ƙi na yi zagi?

Airag sunansa, nonon goɗiya ne da aka bari ya yi tsami ana burga shi, yana da sinadarin maye kusan kashi 2 cikin 100, mai shan kwano da yawa yana buguwa. Akwai kuma wanda ake tacewa daga nonon shanu, garau kamar ruwa, wannan giya ce sak, ga vodka. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a ture hannun mai bayarwa. Ka karɓi kwanon da dama, ka ɗan ɗaga shi, ka mayar, ɗan jagora ya ce addininka ya hana. Sun san Kazakawa, maganar ba baƙuwa ba ce. Shayin kam ka sha da kyau, shi zai wanke ka.

Sallah, alwala, da bayan gida fa?

Alƙibla a can yamma take kusan sak, saɓanin gabas da muka saba. Da yake ƙofar ger kudu take kallo, in ka fito alƙibla na hannun damanka, ko waya ta mutu ba ka ɓata ba. A Yuni rana na fitowa wajen ƙarfe 5 ta faɗi wajen 9 na dare, isha'i ta yi nisa asuba ta matso, wanda azumi ya riska can da rani ya san da haka.

Tafi da butarka. Bayan gida rami ne da ɗan shinge, wani wurin ma fili ne kawai ka yi nisa. Ruwa daga rijiya ko kogi ake jido shi, kar ka ɓarnatar, kuma kar ka yi wanka da sabulu ko fitsari a cikin kogi, babban laifi ne a al'adarsu, ɗebo ka koma gefe. A kan tuddai za ka ga tarin duwatsu da shuɗin ƙyalle, obo suke ce masa, direba zai zagaya sau uku ya jefa dutse. Ibadarsu ce, kai ka tsaya gefe, ba mai tilasta ka.

Shin ba su ne Tattar ɗin da suka rusa Bagadaza ba? Me zan gani na tarihin?

Su ne. An naɗa Temujin a matsayin Jengis Khan a 1206 a bakin kogin Onon, ya rasu 1227, har yau ba a san kabarinsa ba. Jikansa Hulaku ne ya ci Bagadaza a 1258 ya kashe Halifa Musta'asim, sai Mamalik na Masar suka taka musu birki a Ainu Jalut a 1260. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne wani jikan nasa, Berke, ya musulunta har ya yaƙi Hulaku, Gazan mai mulkin Farisa shi ma ya musulunta a 1295.

A wurin Mongol kuwa Jengis uban ƙasa ne da ya haɗa ƙabilu, yana jikin kuɗinsu tugrik, filin jirgi sunansa, ga mutum-mutuminsa a kan doki mai tsayin mita 40 da aka gama a 2008 a gabashin Ulanbatar. A gidan mutum ba wurin buɗe muhawarar Bagadaza ba ne. Tsohuwar hedikwatar daular, Karakorum, tana Harhorin cikin kwarin Orhon, Ogedei ɗan Jengis ne ya gina ta sosai wajen 1235, kuma wani limamin Kirista daga Turai da ya je a 1254 ya rubuta cewa ya ga masallatai biyu a garin. Yau kusan babu abin da ya rage sai kunkurun dutse da gidan tarihi, duwatsun garin an yi amfani da su wajen gina gidan ibadar Erdene Zu a ƙarshen ƙarni na 16, wanda shi ma gwamnatin kwaminis ta rusa yawancinsa a ƙarshen shekarun 1930. In ba ka karanta tarihin kafin ka je ba, fili kawai za ka gani.

Bikin Nadam ya cancanci a sa tafiya a kansa?

Ya cancanta. 11 zuwa 13 ga Yuli ake babban na ƙasa: kokawa, sukuwa, harbin kibiya. 'Yan kokawa 512 ne, zagaye tara, babu rabon nauyi, wanda gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ko bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Sukuwa kuma yara ne ke hawa, tazarar kilomita 15 zuwa 30 gwargwadon shekarun dokin. Amma na Ulanbatar tikitinsa wahala, otal ya yi tsada, kana kallo daga nesa. Na gundumomi da ake yi a ranaku daban-daban cikin Yuli ya fi armashi, kana tsaye ƙurar dawakin na bugunka. Wanda ya makara kuma akwai bikin masu farauta da mikiya na Kazakawa a Ulgi farkon Oktoba, da sanyinsa (koma tambayar lokaci).

Ni baƙar fata ce, kuma mace, akwai matsala?

Kallo za ki sha, da roƙon hoto, yara su taɓa hannunki, a karkara yawanci mamaki ne kawai. Hijabi ba damuwa, iska da ƙura ma sun sa kowa rufe kai. Abin lura shi ne a ger kowa ɗaki ɗaya yake kwana, maza da mata, don haka ki faɗa wa kamfani tun farko kina son tantin baƙi daban, iyalai da yawa suna da shi, ko ki nemi jagora mace. A birni a kiyayi mashaya da dare da 'yan sane a kasuwar Narantul. Asibiti na da nisa daga daji, a tafi da magungunan da aka saba sha da inshorar tafiya.

Ana biyan masu gida ne, ko kyauta ake ba su?

Al'adarsu ita ce duk wanda ya iso a ba shi shayi da wurin kwana, amma wannan don matafiyin da hanya ta yanke wa ne, ba don motar 'yan yawon buɗe ido da ke zuwa kullum ba. In ta kamfani ka zo, tambaye su ƙarara nawa ke isa hannun iyalin. In da kanka ka sauka, ka ba matar gida kuɗi da hannu biyu lokacin tafiya, haɗe da tsaraba: alewa da littafin rubutu na yara, shayi, batir, tocila, 'ya'yan itace. Dabino ma na burge su.

Kuɗin na da amfani fiye da yadda kake zato saboda zud, wato hunturun da ke biyo bayan fari, ƙanƙara ta rufe ciyawa dabba ta kasa tonowa. Na 2023 zuwa 2024 ya kashe dabbobi sama da miliyan 7. Tun da aka rushe ƙungiyoyin kiwo na gwamnati bayan 1990 aka raba wa mutane dabbobi, kowa shi ke ɗaukar asararsa, ga awaki sun yi yawa saboda kuɗin gashin kashmiya suna cinye ciyawa har saiwa. Wanda garkensa ya ƙare sai ya naɗe ger ya kafa a gefen Ulanbatar, unguwannin da za ka gani a kan tuddai ke nan in kana shiga gari. Abin da baƙi suka bari da rani yawanci ciyawar ajiya da man babur da kuɗin makaranta yake zama. Ka canzo tugrik ƙanana tun a birni, a daji ba mai canjin dala.